In baƙo ya yi rashin ɗa'a, ina haƙurin ɗan jagora zai tsaya?

Jagoran_Birni: Assalamu alaikum. Tambayata ga 'yan'uwa masu sana'ar zagayawa da baƙi ce, amma kowa na iya sa baki. Ni a cikin birnin Kano nake aikin, daga Gidan Makama zuwa kasuwar Kurmi, Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata. Abin da ke damuna shi ne, rashin ɗa'ar baƙo ba ɓacin ran yini ɗaya kawai yake jawowa ba, a hankali yana lalata mana sana'ar kanta. Matasan da suka shigo da zumuɗi, suna karanta tarihi, suna bin dattawa neman bayani, yau in ka bi su sai ka tarar sun daina bayanin. Su kai baƙo, su nuna masa inda zai tsaya ya yi hoto, su karɓi kuɗinsu. In ka yi musu magana su ce, "To wa zai saurara? Mutumin da kana magana yana danna waya, ko ya katse ka ya ce ka yi sauri?" Kwanan nan wani baƙo ya kafa wa wani tsohon marini kyamara a fuska, ko sallama babu. Na ce masa a gaisa tukuna a nemi izini, ya ce ai ya biya ni, aikina ne in share masa hanya. Shin da gaske halin baƙi ne ke taɓarɓarar da aikinmu, ko mu ne muke fakewa da su?

Malam_Na_Gwale: Wa alaikumus salam. Fakewa kuke yi, ɗana. Baƙonka Annabinka, haka muka taso muka ji. Duk wanda ya ɗauki sana'ar hulɗa da jama'a, da haƙurinta ya ɗauka. Ma'aikacin asibiti ma ana ɗaga masa murya, bai daina duba mara lafiya ba.

Ummu_Sadiq: Malam, Allah ya gafarta, ma'aikacin asibiti ko an zage shi albashinsa na nan ƙarshen wata. Ɗan jagora kuwa abincinsa na yau yana aljihun mutumin da ke wulaƙanta shi. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan_Marina: Ni a ƙarofi na tashi, iyayena da kakannina rini suke yi. @Jagoran_Birni ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Baƙo zai zo ya yi rabin sa'a ya tafi, ba za mu sake ganinsa ba har abada. Kai kuwa gobe za ka dawo da wani. To in ka bari baƙonka ya ci mutuncin dattijo ka yi shiru, ba baƙon za a riƙe a rai ba, kai za a riƙe. Akwai 'yan jagorar da in suka shigo, tsofaffi ba sa ko ɗaga kai. Akwai kuma waɗanda in suka zo, za a buɗe musu rijiya, a nuna wa baƙinsu yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, a gaya musu makonnin da ruwan yake yi kafin ya nuna, da yadda zane ke fitowa kore daga rijiya sai ya sha iska ya koma shuɗi. Har mabuga, inda ake buga zanen ya yi sheƙi, za a raka su. Bambancin kawai shi ne ɗaya yana tsawata wa baƙonsa, ɗaya yana tsoronsa. Marinar nan tun 1498 ake lissafinta, ba wurin wasan yara ba ce.

Sadiya_Tarihi: Ni ɓangaren da ya fi ci mini rai shi ne ƙarya. Na taɓa bin wani rukuni a Dala, na ji ɗan jagora yana cewa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya fara ginin badala. Rumfa daga 1463 zuwa 1499 ya yi mulki, faɗaɗa ta ya yi, ya kafa Kurmi. Gijimasu ne ya fara, kusan shekara 350 kafin shi. Da na ja shi gefe na tambaye shi, sai ya ce ya sani sarai, amma in ya kawo sunaye da yawa baƙi gajiya suke yi su fara tsaki, shi ya sa yake tattara komai ya ɗora wa Rumfa. Kun ga illar? Baƙo ya yi tsaki, tarihi ya biya kuɗin.

Jagoran_Birni: @Sadiya_Tarihi wallahi wannan ita ce damuwata. Ba zagi muke ramawa ba, ba wanda zai zagi baƙo. Ramuwar a ɓoye take: ka rage bayani, ka tsallake wuri, ka faɗa masa abin da yake son ji.

Wikki_Boy: Ku na birni naku da sauƙi, abin da za a rasa bayani ne. Mu a Yankari rai ake magana. Gandun dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, dabbobin ba a ɗaure suke ba. Giwa tana iya yin nisa kwana da kwanaki, musamman da damina da ruwa ya wadata ko'ina. Da rani ne suke taruwa gefen kogin Gaji, a lokacin ake samun gani sosai. Kana iya bayyana wa mutum wannan tun kafin a tada mota, ya gyaɗa kai, amma da an yi awa ɗaya ana ganin gwanki da ɓauna da gadu, sai ya fara: "Ni kuɗin ganin giwa na biya." Wani ma zaki yake nema, alhali zakunan da suka rage 'yan kaɗan ne, ma'aikata ma sai su daɗe ba su yi ido huɗu da su ba.

Daga nan matsin ke farawa. Ya ce direba ya bar hanya ya kutsa cikin ciyawa. Ya ce a tsaya zai sauka ya yi hoto kusa. In ka hana, ya tambaye ka ko ka san ko shi wane ne. Yaro sabon shiga, wanda aka yi wa irin wannan tsawa a gaban mata da yara, me kuke tsammani zai yi karo na gaba? Zai bari ne. Kuma ran da giwa mai ɗa ta juyo kan mota, ba wanda zai ce baƙo ne ya matsa, cewa za a yi ɗan jagora bai san aikinsa ba.

Ga kuma maganar birai. Ana roƙon mutane kada su ba bika abinci, suna jefa musu biskit don su yi bidiyo. Yanzu biran sun saba, suna fizge leda a hannun mutum, suna shiga ɗaki in an bar ƙofa a buɗe. Baƙon da ya zo daga baya aka ƙwace wa ɗansa burodi, mu yake yi wa faɗa.

Baban_Khalifa: @Wikki_Boy faɗa mana gaskiya, Turawa ne ke muku haka ko namu?

Wikki_Boy: Yallaɓai, yawanci namu ne. Lokacin Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin Yankari, da yake garai-garai, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, ka ga mutum ya sha lemo ya wurgar da gwangwani a bakinsa. Bature yana da nasa halin, amma in ka ce masa doka ce yakan tsaya. Namu in ka ce doka ce sai ya nemi lambar oganka.

Hajiya_Mai_Atamfa: Gaskiya ɗaya ce. 'Yan makaranta da ake kawowa gidajen tarihi ma haka. Malamansu na zaune a inuwa, yara na taɓa kayan da suka yi shekaru ɗaruruwa, mai bayani shi kaɗai yana fama.

Madugun_Abzin: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni daga Agadas nike, na yi aikin gid, wato ɗan jagora, tun lokacin da jirage ke sauke turis, masu yawon buɗe ido, kai tsaye daga Faransa, muna kai su Timiya da Tenere har Bilma. Na karanta maganganunku duka, ina son in ƙara abu guda da ba a faɗa ba.

A cikin hamada baƙo bai cika raina gid ba. Dalili, ruwan da zai sha da hanyar da za ta maido shi gida duk suna hannunka. Mutumin da ya yi maka tsawa a otel, in kunka yi kwana biyu cikin rairayi ba ya ganin komi sai sama da ƙasa, da kanshi zai zo ya zauna kusa da kai wurin shayi. Raini a gari yake, inda baƙo ke ganin ko ba kai zai iya. Saboda haka ni a ganina ba mugun hali ne kaɗai ba, rashin sanin amfaninka ne.

Namu ciwon daban ne. Tenere cike take da kan kibiya da duwatsun niƙa na mutanen da, tun zamanin da wurin ke da ruwa da ciyawa. Turis su tsinta su cika aljihu. A wurin zanen duwatsu, irin raƙuman dawa na Dabus da ke kan hanyar Arlit, wanda babban ya fi mita 5, wasu na son zuba ruwa ko bin zanen da alli don hoto ya fito. Lokacin da aiki ke da yawa, muna hanawa kai tsaye, wanda ya ji haushi ya tafi, gobe wani jirgi na sauka. Amma daga tawayen Abzinawa na 2007, sannan sace mutane a Arlit a 2010, baƙi sunka ɗauke ƙafa. Wasunmu sunka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu sunka tafi haƙar zinariya Jado a 2014. Wanda ya rage, in ya samu baƙo guda a shekara, da wane baki zai ce mishi aje wannan dutse? Yunwa ita ke karya gid kafin rashin kunyar baƙo ta karya shi.

Jagoran_Birni: Baba Madugu, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta shige ni. Mu ma nan tun hare-haren Janairun 2012 baƙin waje suka ragu ƙwarai, ba su dawo kamar da ba.

Malam_Na_Gwale: To kun gani. Ashe talauci ne, ba baƙo ba. Maganata ta fito.

Ummu_Sadiq: A'a Malam, ba haka Baba Madugu ya ce ba. Cewa ya yi talauci ne ke hana a tsawata. Da baƙon bai miƙa hannu ya ɗauki dutsen ba, ai ba a buƙatar tsawatarwar.

Matafiyi_Kullum: Ku bari in yi magana a madadin baƙi, tunda ba su nan. Na je dalar Giza a Masar. Tun daga bakin ƙofa ake jan hannuna, wannan ya ce hau raƙumi, wancan ya ɗora mini rawani ya ce kyauta ne, ina juyawa ya ce in biya. Kafin in haɗu da ainihin mai yi mini bayani, raina ya riga ya ɓaci, duk wanda ya matso ina ganin cuta ta zai yi. Na tabbata shi ma ya koma gida yana cewa ya haɗu da baƙo mai ɗaure fuska. Mu duba namu. Ɗan jagora ya kai baƙo Kurmi, ya ƙifta wa mai shago ido, jakar fata ta ninka kuɗi uku don a fitar masa da kamasho. Baƙon nan yana da waya, da daddare zai bincika ya gane. Washegari da wace fuska zai fito?

Ɗan_Kurmi: La'ada ba haram ba ce, tun kakanni dillali na cin la'ada. Ninka kuɗi ne zalunci. Kuma yawanci waɗanda ke yin haka ba 'yan jagora ba ne na gaskiya, masu tare baƙi ne a bakin otel.

Matafiyi_Kullum: @Ɗan_Kurmi baƙon da ya sauka jiya ta yaya zai bambance?

Zainabu_Jagora: Ni mace ce a wannan sana'a, mu ƙalilan ne. Abin da maza ba su ambata ba: akwai baƙon da ke ɗauka tunda ya biya kuɗin yini, ya sayi damar yi miki maganar banza. Sai ki ga kin koma ɗaure fuska ga kowa, har wanda bai yi miki komai ba, kina amsa tambaya a gajarce don kada a ga fuska. Wannan ma ai lalacewar aiki ce, domin sana'ar nan sakin fuska take so.

Na biyu, ni ina iya shiga da baƙi mata cikin gida, wajen masu ɗinkin hula da masu ƙunshi da masu dakan fura. Amana ce aka ba ni. Nakan faɗa tun a zaure cewa ba hoton fuska. Wata baƙuwa ta yi bidiyo a ɓoye ta ɗora a TikTok, 'yan'uwan mijin suka gani. Gidan nan ya rufu gare ni, har maƙwabta. Tun daga lokacin wayoyi a jaka suke zama kafin mu shiga, wadda ba ta yarda ba ta jira a waje. Wasu sun rubuta a intanet cewa na cika tsanani. Na gwammace hakan.

Ɗan_Marina: Allah ya yi miki albarka, Yaya Zainabu. Irinki muke nema.

Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Ghana. Na kai iyalina gidan kurkukun bayi na Cape Coast. A cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare mutane kafin a fitar da su ta ƙofar da ba a dawowa, wasu samari suna dariya suna hoton kansu, ga wasu baƙaƙen fata daga Amurka a gefe suna kuka. Mai bayanin bai yi faɗa ba. Shiru ya yi, ya tsaya cak, har samarin suka lura kowa su yake kallo. Sannan ya ce nan kabari ne ga wasu daga cikinmu, ya ci gaba. Tun 2019 da Ghana ta yi shekarar dawowa gida don jikokin bayin da aka kwashe, baƙi suka ƙaru a wurin, ina jin sun ga irin wannan da yawa har sun san yadda ake yi. Don haka rashin ɗa'a ba kullum yake lalata ɗan jagora ba, wani gogar da shi yake yi.

Sadiya_Tarihi: Amma shi ma'aikacin wurin ne, yana da hukuma a bayansa. In ya dakatar da zagaye ba wanda zai hana shi abinci.

Alhaji_Sabo_Fagge: Ku gafarce ni zan ɗan fita layi. Mu da ke kukan baƙi, in mun je Umara yaya muke yi? A Jabalur Rahma mutane na rubuta sunayensu a jikin dutse. A Uhudu malami na bayanin shahidai, rabin mota na kiran gida ta bidiyo. A ce a dawo mota ƙarfe goma, mutum ya shige kasuwa ya bar tsofaffi cikin rana, ya dawo kuma ya fi kowa faɗa. Na ga jagoran da ya fara ziyara da ayoyi da tarihi, kafin a gama sai sunan wuri kawai yake faɗa.

Malam_Na_Gwale: Alhaji, ibada daban, yawon buɗe ido daban, kada a haɗa.

Alhaji_Sabo_Fagge: Niyya ce daban, Malam. Mai riƙe da lasifika a gaban mota mutum ne a duka biyun.

Injiniya_Tokyo: Ina zaune a Japan. Nan ma sun sha fama. A unguwar Gion ta birnin Kyoto, masu yawon buɗe ido sun riƙa bin matan geisha, masu nishaɗin gargajiya na Japan, da kyamara, suna tare musu hanya, wasu har jan tufafinsu. A 2024 mutanen unguwar suka hana baƙi shiga lungunan da ba na gwamnati ba, suka kafa alluna da tarar yen 10,000. Amfanin wannan ga ɗan jagora shi ne an sauke masa kaya. Ba sai ya ce "ni ban yarda ba", allo zai nuna. Da a ce a ƙofar marina ko gindin Dala akwai allo da Hausa da Turanci da Faransanci mai cewa a nemi izini kafin hoto, da rabin rigimar @Jagoran_Birni ba ta taso ba.

Wikki_Boy: Allo muna da shi, Injiniya. Wanda zai tambaye ka ko ka san shi wane ne, allo ba ya tsayar da shi.

Baban_Khalifa: Ku tuna hawan Sallah ma. Tunda UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, masu kyamara za su ƙaru ne. A Hawan Daushe na ga mai hoto ya tsallaka tsakiyar fili a Ƙofar Kudu dawaki na tahowa a guje za su yi jafi. Ɗan jagorarsa ya finciko shi da ƙarfi, shi kuma ya juyo yana masifa wai an taɓa shi. In irin wannan ya je ya ba shi tauraro ɗaya a shafin da baƙi ke dubawa, wa zai san ceton ransa aka yi?

Jagoran_Birni: Maganar taurarin nan ita ce sabuwar igiyar da ke wuyanmu. Da can in baƙo ya ji haushi, da haushinsa zai hau jirgi. Yanzu layi biyu zai rubuta, duk mai neman ɗan jagora a Kano ya karanta. Shi ya sa yara ke zaɓar a rabu lafiya ko da an taka dattijo. Ni dai har yanzu ban yarda da Malam cewa fakewa ce zalla ba, amma na karɓi maganar @Matafiyi_Kullum, akwai gyara a gidanmu.

Madugun_Abzin: Ɗana, abin da munka riƙa yi shi ne, daren farko kafin a tashi, a zauna a sha shayi, in faɗa musu sharuɗɗa: ba a ɗaukar komi daga ƙasa, ba a hoton mace sai ta yarda, ruwa ni ke rabawa. Wanda bai yarda ba a maida mishi kuɗinshi tun a gari. Gardama a bakin ƙofa ta fi sauƙi bisa gardama a tsakiyar hanya.

Ummu_Sadiq: Baba, wanda ya maida kuɗin, ranar me zai kai gida? Nan ne nake ganin sai da ƙungiya. In duk 'yan jagorar gari sharaɗinsu ɗaya, baƙon da ya bar wannan ba zai samu mai sassauci a gaba ba.

Ɗan_Kurmi: Ƙungiyar ta haɗa da 'yan kasuwa da marina, a tsayar da la'ada a fili kowa ya sani. In ba haka ba masu tare baƙi a bakin otel za su ci gaba da karya farashi.

Malam_Na_Gwale: Ƙungiya ba ta sa wa mutum tarbiyya. Yaron da ya ɗora wa Rumfa ginin Gijimasu, ba baƙo ne ya buɗe masa baki ba.

Zainabu_Jagora: @Jagoran_Birni in da gaske za a zauna, a sa ranar da ba Juma'a ba, kuma a gayyato mutanen marina da na Kurmi tun zaman farko. Ni zan zo da sharuɗɗan da nake karanta wa baƙina a zaure, a duba a ƙara ko a rage. @Wikki_Boy ka turo naku na daji mu ga yadda kuka rubuta maganar sauka daga mota.